Amarya Ba Kya Laifi

Maraba da amarya, maraba da 'yar manyan mutane. Kin sha hanya, sabuwar manhajar zanen gini. Daga ƙetaren teku kika sauka Yamai, kika ci kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, kika karya arewa bisa hanyar Agadas, kika wuce matatar SORAZ a ƙasar Olalewa, yau ga ki a Tanut, tsaye a ƙofar wani ɗan ofis mai ɗaki biyu da fanka ɗaya. Ƙanena ne mai ofishin. Su uku ne a ciki: shi, da abokin karatunsa mai lissafin ƙarfe da siminti, da wani yaro da ke riƙe musu bakin igiyar awo yana koyon aiki. Wata biyu ke nan ba su da zance sai naki, a ɗaura ko a haƙura, har barci ya ƙaurace wa mai ofishin. Da na ga yadda kika ramar mini da ɗan'uwa tun ba a kai goro ba, sai na ce wannan ta isa a wasa ta a bainar jama'a.

Kafin in ɗauki ganga, bari in tona asirin uwargida, don jama'a su san ba banza ake shirin yi mata kishiya ba. Tsohuwar manhajar da ke cikin kwamfutar ofishin nan ta kai shekara goma a ɗakinta. Sau ɗaya aka biya sadakinta, da kuɗin kwangilar farko da na raguna biyu da mahaifiyarmu ta sa aka kai kasuwa, tun ran nan kuma ba ta sake neman ko dala ba. Da asuba in an taɓa ta sai ta tashi, ba ta tambayar ko akwai intanet. In wuta ta ɗauke, ta ci gaba da aiki da ɗan abin da ya saura a batir. Da ita aka zana azuzuwa, da makewayin makaranta, da ɗakin haihuwa, da bankin cimaka, da shingen allurar dabbobi, da rumfunan kasuwa, daga Gangara har Falanko, daga Tanut har ƙasar Tarka, kuma har yau ba a aiko an ce bango ya faɗi don layinta ya karkace ba. Kun ji irin ƙauyancin. Shekara goma ba yaji, ba cin bashi da sunan maigida, ba neman a sake mata ɗaki. Wa zai iya zama da irin wannan a zamanin ci gaba?

Ke kuwa kin zo da al'adar da ko a gidan sarautar Damagaram ba a taɓa jin ta ba: sadaki duk shekara. Iyayenki suka ƙago ta, kuma dole a jinjina musu. Tun da kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da AutoCAD a watan Disamba na 1982, abin da kowa ya sani shi ne ka biya, kaya su zama naka, kamar yadda magini ke sayen cokalin gini ya rataye a ɗaki har jikansa ya gada. An yi shekara 30 da ɗoriya a haka. Sai kamfanin ya ce daga 31 ga Janairu 2016 ya rufe cinikin saye ga yawancin manhajojinsa, mai so sai ya yi haya. Kamfanin Trimble, masu SketchUp, suka bi sahu a Nuwamba 2020. Graphisoft na ƙasar Hangare, masu ArchiCAD wadda da yawa daga cikin masu zanen gininmu suka koya a makaranta, suka sanar a 2024 cewa su ma hanyar da suka kama ke nan. Madalla da wannan haɗin kai. Masu awon hatsi da ke haɗa baki kan kuɗin tiya a tsakiyar damina, lokacin da rumbun talaka ya yi ƙasa, almajiranku ne, ko allo ba su wanke ba.

Sadakin ma ai ba wani abu ba ne. Hayar AutoCAD ta shekara guda, ga mutum guda, tana wajen dalar Amurka 2,000, ta Revit, wata manhajar Autodesk, kuma ta fi haka. In aka juya shi sefa ya haura miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin da aka yi a farkon 2024, jika 42 ne a wata, wato sefa 42,000. Ke nan in lebura ya yi shekara biyu cur yana ɗaukar bulo a ka, bai ci ba, bai sha ba, bai sayi sabulu ba, da ƙyar ya taɓa gefen sadakinki na shekara ɗaya. Kuɗin nan siminti ne fiye da tan 10. Na san akwai ƙanwarki mai sauƙin kuɗi, wadda ake ce wa LT, amma ita ma 'yar haya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin yabo shi ne adalcinki. Ba kya tambayar mijin naki benen gilashi yake zanawa ko makewayi mai rami biyu a Falanko. Kowa ya kawo nasa, kuma baɗi ya sake kawowa.

Sai lefe. Amarya irinki ba ta kwana a tsohon ɗaki. Kwamfutar ofis, wadda aka sayo ta hannu daga Kano, ba za ta ɗauke ki ba. Kina son ƙwaƙwalwa mai faɗi, da katin hoto mai ƙarfi, da sabon Windows. Nan ma sai na ga ikon zumunci, don a daidai lokacin ne Microsoft ya daina kula da Windows 10, ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ya ce tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa'anninsa ba ne. Ashe ku duka dangi ne, wannan na rufa wa wancan asiri. Kwamfuta mai ƙarfi zafi take yi, iska take sha, iskar ƙasarmu ta Damargu kuwa da hunturu ƙura ce zalla, a watan Afrilu da Mayu kuma zafi ya haura digiri 40 kafin azahar. To sai a sayo na'urar sanyaya ɗaki. Ita kuma wuta take ci. In wuta ta ɗauke sai inji, inji sai mai. Alhamdu lillahi matata na nan kusa, tun 2011 take da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana a cikin ƙasar Tanut, sai dai har yau ba a taɓa ba wani ɗan Tanut lita ɗaya don maƙwabtaka ba.

Mun ga gwajin wannan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da ƙasar nan ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta a lokacin, ba a sassauta takunkumin ba sai a Fabrairu 2024. A waɗannan watanni uwargida da faifan sola ɗaya da batir ɗin mota ta riƙe gida. Da ke ce, amarya, da mun ga mutunci: kin zauna a lulluɓe, ba ki ƙasƙantar da kanki da aiki a duhu ba.

Abin da ya fi burge ni a halinki shi ne ba kya mance gida. A ƙa'idar Autodesk, mai haya sai ya haɗa kwamfutarsa da intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, manhaja ta je ta gaida iyaye, su duba littafi su ga an biya, sannan ta dawo ta ɗora tukunya. In an hana ta ganin gida sai yaji. A Paris ko Landan ba wanda zai ma lura an je an dawo. Amma a ce aiki ya kai mutum arewacin Tenhiya, inda sai ka hau tudun rairayi ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin ka ji muryar iyalinka, ya yi makonni a can yana tsare da magina. Ran da mai kwangila ya ce a ƙara ɗaki ɗaya, ya buɗe kwamfuta, sai ya tarar amarya ta rufe ƙofa tana kewar babanta. Ko sauko da ke daga intanet ma biki ne mai zaman kansa: kwana guda ana zuba kuɗin data, in an kusa gamawa layi ya tsinke a koma farko. Biyan sadakin kuma sai da katin banki mai aiki a ƙetare. A nan kuɗi ta Nita da Al Izza da Amana suke tafiya, iyayenki kuwa ba su san waɗannan sunaye ba. Sai a bi ta hannun dillali a Yamai, shi ma ya ɗora la'adarsa, Allah ya sa masa albarka.

Kishi kuwa ba a magana. Duk tukunyar da kika taɓa, uwargida ba ta sake girki a cikinta. Zanen da aka ajiye da sabuwar fitowar Revit ba ya komawa tsohuwa, ƙofar ma ba a yi ta ba. Ke nan in babban ofis ɗaya a Yamai ya yi amarya, duk wanda ke aiki da shi, har na Tanut, dole ya yi, ko yana da abin sadaki ko ba shi da shi. AutoCAD ta ɗan fi kara, tana yarda a ajiye zane da tsohon salo, in mai aikowa ya tuna, in kuma ya ga dama.

A nan ne hikimar iyayenki ta kai ƙarshe, don sun taɓo abin da ɗan Damargu ya fi sani. Ƙasar nan ƙasar rumbu ce. Tun zamanin ayari, nan Abzinawa ke saukowa da raƙuma su auni hatsin da za su ci shekara, nan fataken Tarabulus ke yada zango kan hanyar Kano. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa, inda damina ɗaya ke yin kyau biyu su ƙi, ya san cewa arziki shi ne abin da ka ajiye kuma kake iya ɗiba ran da ka so. Rumbun mai zanen gini zanensa ne. Ajin da ya zana shekara bakwai da suka wuce, shi zai ɗauko ya gyara in wani ƙauye ya samu nasa. Lissafin kowace katanga, da kowane kuskure da aka yi aka gyara, duk suna ciki. Ke kuwa da shigarki gida sai ki karɓi mabuɗin rumbu ki ɗaura a bakin zane. Shekarar da aiki ya yi ƙaranci aka kasa biyan sadaki, wani zanen sai an sha wahala wata manhaja ta buɗe shi, wani kuwa iyakar abin da za a yi wa maigida shi ne a bar shi ya leƙa ya ga hatsinsa, amma ba ya ɗibar ko tsaba. Jinginar gona ma tana da ranar fansa. Taki ba ta da ita, kuma wannan ci gaba ne da kakanninmu ba su kai gare shi ba.

Ko wanda ya ce shi ya tsaya ga uwargidansa ba a mance da shi ba. Daga 31 ga Agusta 2019 Autodesk ya daina ba da lambar buɗe fitowar 2010 da waɗanda suka gabace ta. Mutum ya biya da guminsa, takarda na hannunsa, amma ran da kwamfutarsa ta mutu ya ɗora kayansa a wata, ba mai buɗe masa. An sakar masa mata ba da bakinsa ba. Mabuɗin nan kuma ba kuɗi kaɗai ke juya shi ba. A Oktoba 2019 kamfanin Adobe ya sanar da mutanen Benezuwela zai rufe musu asusu saboda umarnin gwamnatin Amurka, sai daga baya aka janye. A Maris 2022 Autodesk ya dakatar da harkokinsa a Rasha. Duk abin da mutum ke gani game da waɗancan rigingimu, mai ɗan ofis a gefen kasuwa ba shi ya tsokano su ba. Mu da muka ɗanɗana takunkumi wata bakwai ba ma bukatar a fassara mana wannan karatu.

Kada a ce na ɓoye gararki. Kin zo da kaya, wallahi kin zo da kaya. Da ke injiniyoyi ɗari a nahiya uku za su taru kan gini ɗaya a lokaci ɗaya. Kina gano inda bututun ruwa zai yi karo da ƙarfe a hawa na talatin tun ba a haƙa tushe ba. Kina fitar da hoton gini har da raɓa a jikin gilashi. Duk gaskiya ne, kuma ga aiki irin filin jirgin Diori Hamani da aka sabunta a 2019, ko madatsar Kandaji, ko ita kanta matata, wanda ya raina ki ya raina kansa. Amma a ofishin Tanut mutum uku ne, in ɗaya na son shawarar ɗaya wuyansa kawai yake juyawa. Aikinsu aji ne mai mita 9 da mita 7, da ƙofa, da tagogi, da allo. Taskarki cike take da na'urar hawa bene da ta ɗumama ɗaki, abubuwan da Balbeji ke kwana tana mafarkinsu. Azara kuwa, da tubali, da makuba, da indararo, da daurin guga, ba ki taɓa jin sunansu ba, sai maigida ya zauna dare ya ƙera miki su ɗaya bayan ɗaya, a cikin lokacin da yake biyan kuɗin hayarsa.

Na ji an ce talauci ne ke sa mu ƙorafi. To a watan Yuli na 2020 manyan ofisoshin zanen gini 25, yawancinsu na Ingila, cikinsu har da Zaha Hadid Architects da Grimshaw da Rogers Stirk Harbour, sun rubuta wa shugaban Autodesk, Andrew Anagnost, buɗaɗɗiyar wasiƙa. Suka ce cikin shekara biyar kuɗin riƙe Revit ya ƙaru musu har zuwa kashi 70 cikin 100, alhali manhajar ba ta ci gaba daidai da kuɗin ba. Waɗannan su ne masu zana filayen jiragen sama da manyan benaye na duniya, sun kuma ce sun zuba wa kamfanin fiye da dala miliyan 22 a waɗannan shekaru. In wuta ta kama gemun masu wannan ƙarfi har suka yi kururuwa, sai a ce wa na Tanut ya matso kusa ya ji ɗumi.

Sai alherinki ga yara, wanda ba zan tsallake ba. Tun ƙarshen 2014 Autodesk ya buɗe manhajojinsa kyauta ga ɗalibai da malamai a duk duniya. Ɗan Nijar da ya tafi makarantar EAMAU a Lome, ko ya yi karatun gine-gine a Yamai, zai yi shekaru hannunsa na sabawa da maɓallanki, har ya zama ko a mafarki da harshenki yake jan layi. Ran da ya karɓi takardarsa, ran nan kyauta ta ƙare. Yaron da ke ɗana wa kurciya tarko ma ba ya karɓar kuɗin tsabar da ya watsa.

Daga nan ne babbar karamarki ta bayyana, ta mayar da masu gaskiya ɓarayi. Kowa ya san abin da ke cikin kwamfutocin ofisoshi da yawa daga Yamai har Kano: manhajar da aka fasa wa ƙofa, ana miƙa ta hannu da hannu a filash, wani lokaci da ƙwayar cutar da za ta cinye aikin shekaru cikin dare ɗaya. Ban wanke masu yi ba. Amma na san mutanen da ba sa cin dalar wani, masu sahun gaba a masallaci, waɗanda ke buɗe kwamfuta kowace safiya da nauyi a ƙirji. Ƙanena ya ƙi bin wannan hanya. Shi ya sa yake ramewa.

A nan zan ajiye gangar, don hannuna ya gaji da kiɗa wa abin da zuciyata ke ƙuna a kansa.

Wani dare bayan isha'i muna zaune kan tabarma a ƙofar ofis, yaron nan na hura wa shayi wuta, sai ƙanena ya ce, "Yaya, ba kwalliyarta ce ta ruɗe ni ba. Tsoro nake ji. Ran da wani babban ofis ya turo mini zane ya ƙi buɗuwa, ko masu ba da kwangila suka rubuta a takarda cewa sai mai sabuwa, me zan ce musu? In ce ni ɗan ƙauye ne?"

Wannan magana ta tsaya mini a rai, don ita ce gindin abin. Kunya ake sayar wa irinsa, kuma kunya ta fi kowane dillali iya ciniki. Na ce ya ɗauko littafin ayyukan bara mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Aiki guda tak muka samu da zanensa ya zo a salon da uwargida ba ta iya buɗewa, shi ma kiran waya ɗaya ya warware shi, aka ajiye da tsohon salo aka sake turowa. Sauran duk abin da ma'aikatar magajin gari da masu ayyukan raya karkara suka nema shi ne zane a takarda da hatimi, da kwafinsa na PDF, da lissafin kuɗin kaya. Magini kuwa takarda yake so, wadda zai danne da dutse kada iska ta tafi da ita.

Hanyoyi ba su ƙare ba, sai dai kowace da ƙayarta. In babban aiki ya zo da gaske, ana iya yin hayar wata ɗaya ko biyu a sa kuɗin cikin lissafin kwangila, kamar yadda ake hayar injin kwaɓa siminti a mayar da shi in an gama, ba wanda ya ce sai ya kwana a gidanka shekara. Akwai manhajoji irin BricsCAD da ZWCAD da ke karanta zanen AutoCAD kuma ana sayensu saye. Akwai na kyauta, LibreCAD, da FreeCAD wadda cikakkiyar fitowarta ta farko ta zo a Nuwamba 2024. Akwai salon ajiye zane da ake kira IFC, wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, aikinsa kamar na Hausa a kasuwar Tanut, inda Ba'abzine da Bafulatani da Badagire da Balarabe ke ƙulla ciniki kowa ya koma gida da harshensa. Ba zan yi masa ƙarya ba: hannu zai yi makonni yana tuntuɓe, wani zanen zai buɗe rubutunsa a warwatse, aikin kwana ɗaya zai ci uku kafin a saba. Ita ma uwargida ba za ta dawwama ba, kuma kwamfutar da Windows ɗinta ya daina samun kulawa gara a raba ta da intanet, a kwashe zanen duka a ajiye a faifai biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida, cikin salon da kowace manhaja ke iya karantawa. Wahalar nan mai ƙarewa ce, an san ranar da za a sauke ta. Duk mai ba da kwangilar da zai rubuta sunan manhajar wani kamfani a sharaɗin gina aji uku kuwa, ya sani ƙofa yake rufe wa 'yan ƙasa ya buɗe wa masu ofis a babban birni, waɗanda ba za su taka ƙauyen ba sai ranar yanke ƙyalle.

Abin da ke ci mini rai shi ne aikin da ke jiran hannun irin ƙanena. A Afrilu 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Yamai. A Nuwamba na shekarar wasu fiye da 20 suka ƙone a Maraɗi. A lokacin hukuma da bakinta ta ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai wajen 36,000, kuma duk wanda ya bi ƙauyukan Damargu bayan kaka ya ga ana kafa su da karan hatsi. Ran 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, a daminar da ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran sabuwar fitowa. Suna jiran wanda zai zuba mai a babur ya je wurin aiki sau uku a mako maimakon sau ɗaya, ya duba zurfin tushe da idonsa, ya ƙirga buhunan siminti, ya biya yaron da ke koyon aiki abin da zai hana shi tafiya cin rani. Miliyan ɗaya a shekara, a ofis irin wannan, ita ce duk waɗannan.

Falke Barmu ya tada masallacin Yama a jihar Tawa a 1962 da ƙasa da itace da hannun mutanen gari, a 1986 aka ba aikin lambar Aga Khan. Mariam Issoufou, wadda ta yi shekaru tana aikin rubuta manhaja a Amurka kafin ta koma zanen gini, da ta zo Dandaji tare da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da tubalin ƙasa, maginan da suka san ginin farko suka nemo. Ita ta san kwamfuta ciki da waje, ba ta raina ta ba, ni ma ban raina ba. Ƙanena ba zai koma jan layi da sanda a kan rairayi ba, kuma bai kamata ya koma ba. Kayan aikinsa dai nake so su zama nasa.

To, amarya, ga labarin da ya rage, ki ji shi don ki san gidan da kike neman shiga. Makon jiya na raka shi wani ƙauye a ƙasar Balbeji, inda za a aza bankin cimaka. Muka tarar da tsohon maginin garin ya kafa turaku yana jira. Ya karɓi takardar, ya juya ta ya daidaita da gabas, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, ɗana, ƙofar nan gabas ka sa ta. Ruwanmu daga gabas yake zuwa, da iska da rairayi. Damina ɗaya za ta jiƙe maka buhunan gaba."

Ƙanena ya durƙusa, ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ɗora takardar a gwiwa, ya mayar da ƙofar yamma, tsohon na nuna masa da yatsa inda za a ɗaga dokin ƙofa. Duk wannan ba ki sani ba, don a garin ko sandar layi ɗaya babu. Sai da muka hau tudu kan hanyar komawa waya ta kama, saƙon dillalinki ya shigo: rangwamen sadaki zai ƙare ran Juma'a. Ya karanta, ya mayar da wayar aljihu, ya ce in riƙe takardar da kyau kada iska ta ƙwace, ya tada babur.